Mai Sunan Wanda Kifi Ya Haɗiye

Ranar da na fara ganin teku haushi na ji. Daga Gazawa na fito, inda muka yi damina biyu muna kallon sama kamar masu jiran baƙo, rijiyoyi suka koma ramukan ƙadangaru, shanun Fulani suka zube a bakin hanya ungulu ma ta gaji da su. Sai ga ruwa a Ikko shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ba mai ɗiba, ba mai godiya. Na gyara goyon ɗiyata Talatu, na tsuguna na ɗebo da tafin hannu na kai baki. Gishiri ne zalla. Na tofar, na ce a raina, ashe akwai ruwan da shi ma fari ne.

Mijina nake nema. Bagobiri ne na wajen Sae Sabuwa, dogo, mai wushirya, idan ya yi murmushi zanen kumatunshi sai su tattaru kamar kunyoyin gona. Shekararmu guda da aure rumbu ya ƙare. Namiji a lokacin, in ya leƙa rumbu ya ga ƙasa, ba ya iya haɗa ido da matarshi. Ya kawo ni gidan Kawu Isuhu a Gazawa ya ce kwana biyu, ya tafi bai dawo ba. Ina da ƙaramin ciki, kunya ta hana ni gaya mashi, na ce bari sai ya dawo. Na haihu, aka yi suna da ƴar akuyar da ta rage, yarinya ta fara zama, shiru. Kawu ba mugu ba ne, bakuna ne suka yi mashi yawa. Ya kira ni gindin itacen bedi ya ce, "Sa'a, ni ba zan riƙe matar wani har abada ba. In ruwan shuka ya sauka bai zo ba, alƙali zai raba auren nan." Wani da ya dawo daga kurmi ya ce ya gan shi yana dakon siminti a tashar jiragen ruwa ta Ikko, wadda can suke kira waf. Shi ne na bi motar masu kanwa.

Akwai abin da ya kamata yaran yanzu su sani kafin su ce wauta na yi. Tun da aka ɗaura mana aure har zuwa lokacin ban taɓa furta sunanshi ba, ko ni kaɗai ce a ɗaki. Haka uwata ta yi wa ubana har ta koma ga Allah. In zan kira shi sai in ce "Malam", ko in yi gyaran murya, shi kuma ya ce, "Na'am, ta Gazawa." A cikin wannan gyaran muryar akwai maganar da littattafan soyayyar da na karanta daga baya, tuli guda, ba su kai ta daɗi ba.

A Ikko na sauka wurin Hajiya Balaraba, wata mai tuwo da ke da rumfa kusa da ƙofar waf. Ta dube ni, ta dubi goyona, ta ce in riƙa wanke mata kwanoni in kwana a bayan rumfa. Da azahar leburori ke fitowa fari fat da ƙurar siminti, idanu kaɗai ke motsi, kamar an tono su daga kushewa. Bayansu jirage ne jere a kan ruwa, kowane ya fi unguwarmu girma, suna jiran a sauke su. Nakan tsaya da kwano a hannu ina duba fuskoki, zuciyata na tsalle duk lokacin da dogo ya sunkuyo ya shigo.

"Ƴar Faransa, wa kike leƙe?" in ji wani Bakano. Duk wanda ya fito daga Nijar haka suke kiranshi.

"Maigidana."

"Duk nan masu gida ne, gidajen ne dai babu. Sunanshi?"

Na sunkuyar da kai. Hajiya ta ce, "Kai, Sabo, kana da hankali? Mace ta faɗi sunan mijinta a gaban tuwo?"

"To da me za mu neme shi, Hajiya, da ƙamshi?"

Na ja mayafi na rufe baki na ce, "Mai sunan Annabin da kifi ya haɗiye."

Rumfa ta kwashe da dariya. "Inusa!" suka ce baki ɗaya. Rubutawa nake yi yanzu, ba furtawa ba, kuma bakinsu ne ya faɗa. Sabo ya ce, "Lalle ya zo inda ya dace, ga kifayen nan birjik." Wani tsoho mai zane irin na mijina bai yi dariya ba. Ya suɗe yatsunshi ya ce, "Ɗiyata, dogo mai wushirya? Shina nan da. Siminti ya kama mashi ƙirji, ya bi yaranmu Safele wurin katako."

Hajiya ta ƙulla mani gari da ƙuli-ƙuli a tsumma, ta saka ni motar wani direba da ke cin tuwonta. Da zan hau ta kama kunnena ta ce, "In kin same shi ki ja wannan ɗin nashi, ki ce in ji ni."

Safele ba a bakin teku take ba, kogi ne baƙi ƙirin da manyan jirage ke shigowa ta cikinshi har tsakiyar daji. Gungumen itace ke yawo a kan ruwa an ɗaure su da sarƙa, mutane na tafiya a kansu da ƙugiya kamar a kan tabarma. A nan na fara ganin ruwan sama tun barina gida. Ya sauko da rana tsaka, ba wanda ya ɗaga kai, ba yaron da ya fito tsalle. Na tsaya a cikinshi na bar shi ya jiƙa ni, ina kuka ina dariya. Sai wani Bahaushe mai gyaran takalmi ya ce daga cikin rumfarshi, "Baiwar Allah, shigo, wannan somin-taɓi ne. Daga nan yake farawa, yana hawa arewa sannu sannu har ya kai ku." Na daina dariya. Ashe ruwan nan hanyar Gazawa ya nufa, ni da shi muke tsere.

A Safele aka cuce ni. Wani mutum mai farar riga da agogo ya ji ina tambaya a ƙofar masallaci, ya ce ai yaronshi ne, yana can cikin daji wurin saran itace, amma ba a sakin lebura sai an ba babban wurin wani abu. Ya kwatanta mani shi tsaf, dogo, mai wushirya. Sai daga baya na tuna ni na fara faɗar haka a gabanshi. Na cire mundayen azurfar da uwar mijina ta saka mani ranar da aka kai ni, na ba shi. Ya ce in jira gindin wani mangwaro. Na jira har inuwar mangwaron ta zagaye ni ta koma ɗaya gefen.

Wadda ta tashe ni wata mata ce ƴar garin, mai sayar da gasasshen kifi, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta taɓa goshin Talatu, ta yi tsaki, ta kwance ta daga bayana ba ta tambaye ni ba. Ta kai mu ɗakinta na kwano a kan ƙafafun itace, ta dafa wani ganye ta yi wa yarinyar wanka, ni kuma ta tura mani rogo da miya mai yaji har hawaye. Ta nuna nonona, ta nuna kwanon, wato in ci don yarinya ta samu. Mun yi kwanaki tare muna hira da hannu. Har yau ban san sunanta ba, ita ma ba ta san nawa ba, amma ba na yin addu'a in manta da ita.

Mai gyaran takalmin ne ya binciko mani. Gobirawan sun watse tun watan da ya wuce, an ce waf ɗin Fatakwal na ɗaukar mutane, mijina na cikin waɗanda suka nufi can. Na hau bayan motar garin rogo, muka ratsa kogi bayan kogi har na daina tambayar sunayensu.

Waf ɗin Fatakwal na da katanga da ƙofar ƙarfe, ba a barin mace ta matsa. Mai gadin wani dattijo ne ɗan ƙasar, mai ɗingishi, ya ce yana yaro ya zauna a Jos, Hausarshi ta kasuwa ce, rabinta ta zube.

"Mama, menene kana so?"

"Mijina nake nema. Bagobiri, dogo, mai zane a nan da nan."

"Suna?"

Na ce, "Mai sunan Annabin da kifi ya haɗiye."

Ƙarar injin ɗaga kaya ta cika wurin. Ban san abin da ya shiga kunnenshi ba, na dai ga ya cire hularshi ya riƙe a ƙirji. "Kifi ya haɗiye," ya maimaita a hankali. "Ruwa ya ci shi. Ayya, Mama. Ayya. Sannu." Ya bar ƙofar a hannun abokin aikinshi, ya ɗauki ƙullin kayana da kanshi, yana ɗingishi har unguwar Hausawa, har zauren liman. Tun daga ƙofa yake cewa, "Malam, ga matan wancan da ruwa ya ci."

Liman ya yi salati. Ya ce kwanakin baya wani baƙo ya zame daga kan katakon hawa jirgi da buhu a ka, sai washegari aka tsamo shi. Su suka yi mashi sutura. Bai daɗe da zuwa ba, ba wanda ya san sunanshi na yanka, Ɗan Faransa kawai ake ce mashi. Dogo ne? Dogo ne. Da zanen Gobir? Da zanen Gobir. Wushirya fa? Liman ya ce, "Ƴata, wanda ya kwana a ruwa, ba a duba haƙoranshi."

Aka nuna mani kabari, jar ƙasa jiƙe, ciyawa har ta fara tsirowa. Na durƙusa na gaya mashi abin da ban gaya mashi ba a Gazawa. Na ce, Malam, ka samu ɗiya.

Matar liman, Inna Kulu, ta ce ba inda zan tafi, takaba ta hau kaina, a inda labari ya sami mace nan take zama. Ta tsefe mani kai, ta cire mani ƴan kunne, ta ba ni wani farin mayafi da ya sha wanki. Ba kwalli, ba turare, ba fita ƙofar gida, in namiji ya zo gaisuwa daga bayan asabari zai tsaya. Na zauna a ɗan ɗakinta ina sauraren ruwa na dukan kwano, ina jin kukan jirage daga waf, mai kauri kamar na bijimin da aka raba da garke. Na daina tseren da nake yi da damina. Na ce ta je, ta sauka inda ta ga dama. Inna Kulu takan ɗauki Talatu tana yi mata rawa a cinya tana cewa, "Ƴar fari, ƴar fari. Ke ce ta fari a ɗakin uwarki, kuma fari ya haife ki, wane ne naki a ciki?" Ita kaɗai ke sa ni murmushi.

Wata ya mutu, wani ya tsaya, ina nan zaune. Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci wani wanzami ya zo yi wa liman aski. Mutumin garin Cadawa ne, kusa da Gazawa, yana yawo da zabirarshi daga waf zuwa waf. Da ya ji akwai ƴar Gazawa a gidan tana takaba, ya ce ai dole ya yi gaisuwa, gida ɗaya ne. Ya tsaya bayan asabari.

"Ƙanwata, ya haƙuri? Allah ya jiƙan shi. Wane ne daga cikin namu?"

Inna Kulu ta amsa a madadina. "Inusa, na wajen Sae Sabuwa."

"Wane Inusa? Mai wushirya, mai tarin nan?"

"Shi."

"Inna, wa ya kashe shi? Ni na aske shi da hannuna bayan an binne wancan bawan Allah. A kan kwale-kwalen kaya yake kwana, shi ya sa ba ku san shi ba. Bai fi mako da barin garin nan ba. Sun tahi Kalaba, wani jirgi zai kwashe su zuwa Gabon aikin hanya."

Ban san lokacin da na ture asabarin ba. Wanzami ya ja da baya yana salati. Duk zaman da na yi a ɗakin nan ina yi mashi kuka, yana nan bayan katangar da mai gadi ya juyo da ni daga ƙofarta, tafiyar da ba ta kai daga gidan Kawu zuwa kasuwa ba. Inna Kulu ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo, mun zaunar da matar mai rai." Liman da kanshi ya raka ni tasha, rabin kanshi a aske, ya damƙa ni ga direba. Ban tsaya canza mayafi ba.

Mun isa Kalaba da hantsi. Garin a kan tudu yake, waf ɗin na ƙasa a bakin wani faffaɗan kogi mai fita teku. Tun daga saman tudun na hango jirgin, ba babba ba ne, baƙi, hayaƙi na fita, mutane cunkushe a kanshi kamar tumaki a motar kasuwa. Na gangara da gudu, Talatu na kuka tana bugun bayana, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi. Da na ratsa cikin masu rakiya na kai bakin katakon, an riga an kwance igiya. Tsakanin jirgin da ƙasa ruwa ya buɗe, faɗin gona guda, yana ƙaruwa.

Na gan shi. Yana can baya ya jingina da ƙarfe, ya ba ni ƙeya. Ya rame, amma ko cikin dubu zan gane yadda yake karkata kafaɗar hagu.

"Malam!" na ce. Mutum biyar suka waiwayo, ban da shi.

"Maigida!"

Wata mata kusa da ni ta yi dariya. Na kwance Talatu na ɗaga ta sama da hannu biyu. "Baban Talatu! Baban Talatu!" Ina faɗa ina jin banzar abin. Bai san an yi wata Talatu a duniya ba.

Na mayar da yarinyar kafaɗa. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na ji kamar uwata na tsaye a bayana, da kakata, da duk matan Gazawa. Na rufe ido, na tattara duk numfashin da yunwa da hanya suka rage mani, na kira sunan. Ya fita da ƙarfi, ya bi kan ruwa, ni kaina ban san muryar ba.

Ya waiwayo.

Ya sa hannu a goshi yana tare rana, yana bin mutanen waf da kallo ɗaya bayan ɗaya. Idonshi ya zo kaina. Wata ƙeƙasasshiyar mace cikin farin mayafin takaba, ba kwalli, ƙafa ɗaya ba takalmi, da jaririyar da bai sani ba. Matarshi kuwa tana Gazawa gidan kawunta, kuma ko sama za ta faɗo ba za ta kira shi haka a bainar jama'a ba. Idon ya tsaya kaɗan, ya wuce ni zuwa ga na kusa da ni. Ya duba har ƙarshen waf, ya sauke hannu, ya juya. Na sake kira, jirgin ya yi kukan nan nashi ya danne ni. Da na tuna da gyaran murya, abin da zai gane ni da shi ko a cikin barci, ruwan da ke tsakaninmu ya fi ƙarfin gyaran murya.

Na tsaya har hayaƙin ya ɓace a bayan itatuwan bakin kogi. Masu rakiya suka watse. Wani ya ajiye mani takalmina da ya tsinto a gefena.

Dawowa gida ba ni da abin faɗa a kanta. Tun daga Katsina na fara ganin kore a gefen hanya, da muka tsallaka iyaka na tarar gero ya kai gwiwa. Damina ta riga ni da nisa. Kawu ya ga yadda na koma, ya juya baya ya share ido, ya ƙara mani wa'adi har kaka ko wani labari zai zo. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, ba labari.

Alƙalin tsoho ne mai sanyin murya. Ya saurari Kawu, sannan ya juyo gare ni.

"An ce kin bi shi har bakin teku."

"Na bi shi, Allah gafarta Malam."

"Kin gan shi da rai?"

"Na gan shi."

"Shi ya gan ki?"

Talatu na wasa da gefen tabarma. In na ce ya gan ni, ya zama mutumin da ya ga matarshi ya juya baya, kuma ba haka yake ba. In na ce bai gan ni ba, na yi ƙarya a gaban shari'a.

Na ce, "Ya dube ni, Malam."

Alƙali ya jira ko zan ƙara. Da ya ga ban ƙara ba ya sunkuyar da kai, ya raba auren, ya ce in fara idda daga ranar.